Daga Paris zuwa Lyon: Ko Akwai Abin da Zai Tsere wa Haske?

Ranar Juma'a, 23 ga Satumba 2011, Dario Autiero, wani masanin fiziks ɗan Italiya da ke aiki a cibiyar nazarin nukiliya ta birnin Lyon a Faransa, ya tsaya gaban ɗaki cike maƙil da masana a CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke kan iyakar Faransa da Suwizaland. Ya zo ne da sakamakon wani gwaji mai suna OPERA, wanda masana kusan 160 suka haɗu a kansa. Abin da ya faɗa bai da tsawo. Wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda ake harbawa daga CERN ta cikin ƙasa zuwa dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna isa kafin lokacin da haske zai isa. Tazarar da suka ba shi nanosakan 60 ce, wato kashi 60 idan aka raba sakan ɗaya gida biliyan. A cikin wannan ɗan lokaci haske ba ya wuce mita 18.

Mita 18 a cikin kilomita 730 ba abin da mutum zai ɗaga kai ya duba ba ne. Amma kafin gari ya waye labarin ya zagaye duniya, kuma hankalin manyan masana ya tashi. Dalilin tashin hankalin nan shi ne ya kamata a fahimta, domin a cikinsa amsar tambayar take.

Da daɗewa mutane ba su ma yarda haske yana da gudu ba. Kowa ya san ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa, sai dai yawancin masanan da suna ganin haske ba ya tafiya, bayyana kawai yake yi. Ibn al-Haitham, wanda ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 11, yana cikin waɗanda suka ce a'a, haske yana ɗaukar lokaci, ko da ido ba zai kama shi ba. Hujjar awo kuwa sai a Paris ta fito. A 1676 wani ɗan Denmak, Ole Rømer, yana aiki a ɗakin duban taurari na Paris, ya lura cewa Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, yana makara wajen fitowa daga inuwa idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari, yana kuma sammako idan ta matso. Ya ce watan bai makara ba, haskensa ne hanya ta yi wa tsawo. Shugabansa, Cassini, bai yarda ba. Lokaci ya ba Rømer gaskiya.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Hippolyte Fizeau, saboda shi bai jira sama ba, a doron ƙasa ya yi awonsa. A 1849 ya kafa fitila a gidan iyayensa a Suresnes, ya sa madubi a tudun Montmartre, tsakaninsu mita 8,633. A gaban fitilar ya girka wata ƙafa mai haƙora 720. Hasken yana fita ta giɓin da ke tsakanin haƙora biyu, ya je madubi, ya dawo. Idan ƙafar tana juyawa a hankali, hasken zai tarar da giɓin nan a buɗe ya shigo ido. Fizeau ya yi ta ƙara mata gudu, har ta kai juyi 12.6 a sakan, sai hasken ya ɗauke ɗif: kafin ya je ya dawo haƙori ya riga ya toshe ƙofa. Daga nan lissafin ɗan makaranta ne, ya samu kusan kilomita 315,000 a sakan. Ya ɗan zarce, amma ba da yawa ba. A 1862 Léon Foucault, shi ma a Paris, ya yi amfani da madubi mai juyawa ya samu 298,000. Adadin da aka tsaya a kai yau shi ne mita 299,792,458 a sakan, kuma a 1983 babban taron awo na duniya, da ya zauna a Paris, ya ɗaure ma'anar mita kanta a jikin wannan adadi. Yadi kuwa tun 1959 aka ɗaure shi a jikin mita. Ke nan yadin shaddar da ake yanka wa mutum a Kantin Kwari, in aka bi salsalarsa, da gudun haske aka auna shi. Jirgin ƙasa mai sauri yana cin kusan awa biyu daga Paris zuwa Lyon. Haske zai yi wannan tafiya sau ɗari bakwai da wani abu kafin sakan ɗaya ya cika.

Sanin gudun abu daban, cewa babu mai wuce shi daban. Wannan magana ta biyu ta taso ne bayan 1887, lokacin da Michelson da Morley a Amurka suka gwada suka ga gudun haske ba ya canzawa, ko duniya tana tunkarar sa ko tana gudu daga gare shi. Henri Poincaré, babban masanin lissafin Paris, ya faɗa a 1904 cewa ana dab da samun sabon ilimin motsi wanda gudun haske zai zama iyakarsa. A 1905 Albert Einstein, yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern, ya gina ilimin tun daga tushe. Ya ce a karɓi abin da awo ya nuna: kowa, ko yana tsaye ko yana gudu, gudu ɗaya zai auna wa haske. Idan haka ne kuwa, dole tsawo da lokaci su ne za su sassauta. Agogon mai gudu yana tafiya a hankali idan aka gwada shi da na wanda aka bari a gida.

Wannan ba zancen takarda ba ne. Agogunan da ke cikin taurarin ɗan adam na GPS suna saɓa wa na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, saboda gudunsu da kuma nisansu daga jan ƙasa. Da ba a gyara wannan da lissafin Einstein, taswirar da direba ke bi a wayarsa tsakanin Kano da Zariya za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kullum.

Shinge na farko da ke hana a tsere wa haske na ƙarfi ne. Duk abin da yake da nauyi, gwargwadon yadda ya matso kusa da gudun haske, gwargwadon yadda ƙara masa gudu ke daɗa tsada. A kashi 90 cikin 100 na gudun haske, ƙarfin da ke tattare da abu ya ninka na zamansa sau biyu da ɗoriya. A kashi 99 ya ninka sau 7, a kashi 99.9 sau 22, kuma haka zai yi ta hawa ba shi da rufi. A zoben CERN mai tsawon kilomita 27 ana tura furoton har ya rage masa kusan mita 3 a sakan ya kamo haske. Ana ƙara masa wuta, ƙarfinsa yana ƙaruwa, amma mita ukun nan ba sa cikuwa. Saboda haka mai cewa ai jirgin sama ma an taɓa cewa ba zai wuce gudun sauti ba, ga shi ya wuce a 1947, ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Tun kafin jirgi harsashi yana wuce sauti. Matsalar ta ƙira ce, injiniyoyi suka warware ta. Nan kuwa ba a taɓa ganin ko ƙwaya ɗaya ta ƙetare ba.

Shinge na biyu ya fi na farko zurfi, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. A lissafin Einstein, mutane biyu da ke gudu daban-daban ba sa haɗuwa a kan abin da ake kira yanzu idan abubuwa suna nesa da juna. In abu biyu suka faru kuma haske yana da isasshen lokacin da zai tashi daga na farko ya tarar da na biyu, kowa zai yarda da wanda ya riga wani. In kuwa haske ba zai iya haɗa su ba, wani zai ga wannan ne farko, wani ya ga wancan ne, kuma babu mai kuskure a cikinsu. Wannan bai dami kowa ba muddin babu abin da ke wucewa tsakanin abubuwan biyu. Amma a ce kana da na'urar da ke aika saƙo fiye da gudun haske, abokinka da ke cikin kumbo mai tsananin gudu shi ma yana da irinta. Ka aika masa tambaya, ya amsa nan take. Lissafi ya nuna za a iya tsara tafiyarsa yadda amsar za ta iso maka kafin ka aika tambayar. Idan ka karanta amsar ka fasa aikawa fa, me ya amsa? Duk wanda ya tsere wa haske ya taɓa jerin sanadi da sakamako, ya sa girbi ya riga shuka. Gudun haske shi ne iyakar saurin da wani abu zai iya shafar wani, haske kuwa yana kai wannan iyaka ne kawai saboda ba shi da nauyi.

Da wannan a zuciya Autiero ya hau mumbari, kuma shi ya sa bai ce sun rusa Einstein ba. Asali ma ba don tseren haske aka gina OPERA ba. Na'urar, mai bulo kusan 150,000 na dalma da fim ɗin hoto, tana ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, kuma aikinta shi ne kama niyutirino yana rikiɗa daga wani nau'i zuwa wani. Awon gudun ƙari ne, wanda ƙungiyar Lyon ta jagoranta. Sun auna nisan har kuskuren bai wuce santimita 20 ba. Sun daidaita agogon CERN da na Gran Sasso ta hanyar GPS. Sun tara niyutirino sama da 15,000 a cikin shekara uku. Watanni suka yi suna neman inda suka kuskure, ba su gani ba, sai suka fito suka roƙi sauran masana su taya su dubawa. Wasu daga cikin abokan aikinsu ma sun ƙi sa hannu a takardar, suna ganin an yi gaggawa.

Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi. A watan Fabrairu 1987 an ga fashewar wani tauraro mai nisan shekarar haske kusan 168,000. Na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama niyutirino ashirin da 'yan kai daga gare shi, 'yan awoyi kafin a ga haskensa, kuma an san dalili: su suna ficewa daga cikin tauraron nan take, haske kuwa sai ya kutsa ya fito. Da suna da gudun da OPERA ta ce, da sun riga hasken da kusan shekara 4. Ban da haka, Andrew Cohen da Sheldon Glashow na Jami'ar Boston sun nuna cewa niyutirino mai irin wannan gudu zai zubar da ƙarfinsa a hanya, alhali waɗanda suka isa Gran Sasso da ƙarfinsu suka isa. Mutanen OPERA suka sake gwajin a ƙarshen 2011 da gajerun harbi, suka kama niyutirino 20, sakamakon bai canza ba.

A watan Fabrairu 2012 aka gano bakin zaren. Akwai wata wayar gilashi, irin wadda haske ke bi ta ciki, mai tsawon sama da kilomita 8, wadda ke kawo siginar GPS daga waje zuwa agogon da ke ƙarƙashin dutse. Bakinta ba a murɗa shi ya zauna daram a mazauninsa ba. Hasken da ke fitowa daga cikinta ya raunana, na'urar da ke jiransa tana ɗan jinkiri kafin ta ji shi, jinkirin kusan nanosakan 70. Agogon Gran Sasso ya koma baya da wannan adadi, don haka duk baƙon da ya iso sai a rubuta ya yi sammako. An kuma sami wani agogo na ciki da ke ɗan sauri, wanda kuskurensa ya ja ta ɗaya ɓangaren. Da aka haɗa biyun, nanosakan sittin ɗin suka ɓace. A watan Maris wani gwaji da ke maƙwabtaka da su, ICARUS, ya auna ya ga niyutirino bai wuce haske ba. A ƙarshen watan Autiero da kakakin ƙungiyar, Antonio Ereditato, suka sauka daga muƙamansu. Ranar 8 ga Yuni 2012, a wani taro a Kyoto, aka sanar cewa gwaje-gwaje huɗu na Gran Sasso, har da OPERA kanta, sun yi ittifaƙi a kan haka.

An yi musu dariya da yawa, kuma ban ga dalilinta ba. Mutanen da suka ga awonsu ya saɓa wa ka'idar da kowa ya yarda da ita suna da hanya mai sauƙi: su binne sakamakon, su tsira da mutuncinsu. Ba su bi ta ba. Sun baje kayansu a fili, kuma su da kansu suka gano wayar suka sanar. Za a iya cewa da sun ƙara bin wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya kafin su kira taro, wannan suka ce mai tushe. Amma ka'idar da ba a yarda a gwada ta ba, ba a san ƙarfinta ba, kuma yardar da muke yi wa iyakar haske a yau ta fi ta 2010 hujja.

Akwai abubuwan da ake kawowa a ce ai ga shi an wuce haske. A cikin ruwa gudun haske yana sauka zuwa kusan kilomita 225,000 a sakan, kuma elektiron mai ƙarfi yana iya wuce shi a can. Shi ne shuɗin hasken da ake gani a tafkunan tashoshin nukiliya, wanda ake kira da sunan Cherenkov na Rasha. Sai dai iyakar da ake magana ta gudun haske ce a sarari fayau, ita kuwa ba a taɓa ta ba. Wanda ya fi rikitarwa shi ne gwajin Alain Aspect a Orsay, kudu da Paris, a 1982. Ya raba tagwayen ƙwayoyin haske, ya auna su a wurare biyu masu tazarar kusan mita 12, yana sauya yadda zai auna su suna cikin tafiya. Sakamakon ɓangarorin biyu ya riƙa dacewa fiye da yadda duk wani shiri na tun farko zai iya bayyanawa, kuma babu lokacin da saƙo zai je ya sanar. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 2022. Duk da haka ba a iya aika ko harafi ɗaya ta wannan hanya, domin babu mai iya zaɓar abin da awonsa zai fitar. Kowane ɓangare hargitsattsun lambobi yake gani, dacewar ba ta bayyana sai an kawo takardun biyu an jera, kawo su kuwa ba ya wuce gudun haske.

Inda da sauran rina a kaba shi ne ka'idar Einstein ta biyu, ta 1915, wadda ta ce sarari kansa yana lanƙwasa, yana miƙewa. Dokar ta hana abu ya tsere wa haske a cikin sarari, ba ta sa wa sararin kansa iyaka ba. Tun 1927 Georges Lemaître, wani limamin coci ɗan Beljiyam, ya nuna sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma gungun taurarin da suka yi nisa sosai tazararmu da su tana ƙaruwa fiye da gudun haske. To, idan sarari yana miƙewa da kansa, ko mutum zai iya sarrafa shi? Ɗauki tururuwa a bakin tabarma tana son zuwa ɗaya bakin. Gudunta yana da iyaka, amma in aka naɗe tabarmar bakin biyu suka haɗu, taku ɗaya ya ishe ta. Wannan shi ne tunanin ramin da ke haɗa wurare biyu masu nisa, wanda Morris da Thorne suka yi wa lissafi a 1988. A 1994 kuma Miguel Alcubierre, ɗan Meziko, ya rubuta lissafin kumbon da zai tsuke sararin da ke gabansa ya buɗa na bayansa, shi yana zaune a tsakiya bai motsa ba, sararin yana ɗauke da shi.

Lissafin daidai yake, kuma masana ba su raina shi ba. Matsalar ita ce abin da yake nema. Duka dabarun biyu suna buƙatar ƙarfi wanda ya gaza sifili, abin da ba a ganin alamarsa sai ɗan mitsitsi tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka matse dab da juna a ɗakin gwaji. Ƙididdigar farko ta nuna kumbon Alcubierre zai ci irin wannan ƙarfi fiye da nauyin duk taurarin da ake iya gani. An yi ta rage adadin da sababbin dabaru, amma rage farashin abin da babu shi a kasuwa bai kawo shi ba. Matuƙin ma ba zai iya aika umarni zuwa gaban kumbonsa ba, tunda umarnin ba zai wuce haske ba. Kuma ko an warware duk wannan, tsohuwar matsalar amsa kafin tambaya tana nan tana jira. Shi ya sa Stephen Hawking ya yi hasashe a 1992 cewa dokokin halitta da kansu za su rushe duk wata na'ura irin wannan kafin ta yi aiki. Hasashe ne, ba a tabbatar da shi ba, saboda har yau ba a haɗa ka'idar jan nauyi da ta ƙananan ƙwayoyi wuri ɗaya ba. Iyakar ƙofar da ta rage ke nan, kuma ba na jin gaskiya ne a kira ta buɗaɗɗiya.

Mai karatu Musulmi zai tuna Isra'i da Mi'iraji, ko gadon sarautar Bilkisu da aka kawo wa Annabi Sulaiman, kuma akwai masu ƙoƙarin fassara su da lissafin Einstein. Ba na ganin wannan ya taimaki addini ko kimiyya. Malaman tauhidi sun ce mu'ujiza abu ce da ta keta al'ada, fiziks kuwa ba ya nazarin komai sai al'adar da halitta ke gudana a kanta kullum, wadda za a iya aunawa yau a sake aunawa gobe.

Akwai hanya ɗaya da ka'idar ta yarda da ita ba tare da gardama ba, kuma malamin Paris ne, Paul Langevin, ya bayyana ta a 1911, shi ne kuma ya gayyato Einstein zuwa Collège de France a 1922. Matafiyin da ya kusanci gudun haske sosai zai iya tafiya ya dawo agogonsa ya nuna shekara 2, alhali a duniya shekara 200 sun shuɗe. Ke nan mutum zai iya kaiwa taurari masu nisa a cikin rayuwarsa ba tare da ya karya wata doka ba, sai dai ba zai dawo ya tarar da waɗanda suka raka shi ba. Ko wannan ma muna nesa da shi ƙwarai. Abu mafi gudu da ɗan adam ya taɓa ƙerawa shi ne kumbon Parker na Amurka, wanda a watan Disamba 2024, yana shawagi kusa da rana, ya kai kusan kilomita 192 a sakan, wato kashi ɗaya cikin 1,500 da 'yan kai na gudun haske. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske yana isa gare shi a shekara 4 da 'yan watanni. Kumbon da ya riƙe gudun Parker ba tsayawa zai ci fiye da shekara 6,000 a hanya.